Ɗana da na aika Zariya, da labarin Sanata Hirono

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni mace ce haihuwar Zariya, yanzu ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York da 'ya'yana uku da mahaifiyata. Na daɗe ina son ba da labarin nan saboda mata irina da ke ƙasar waje da ƙananan yara, waɗanda wata rana lissafi zai ƙwace musu har su fara tunanin aika ɗaya daga cikin yaran gida. Ba zan kama sunan kowa nawa ba. Sunan da za ku ji ina maimaitawa na wata 'yar siyasa ne, wadda ban taɓa haɗuwa da ita ba, addininmu ba ɗaya ba, amma labarin gidansu ya shigo cikin nawa a lokacin da nake tsakanin rai da mutuwa.

Mahaifina tela ne, mahaifiyata kuma, wadda muke kira Inna, koko da ƙosai take yi a ƙofar gida. Ba mu da wadata amma ba mu kwana da yunwa. Na gama sakandare ina da burin karatun jinya, sai aure ya riga karatun zuwa, ina da shekara 19. Mijin da na aura direban motar haya ne tsakanin Zariya da Kaduna, mutum mai fara'a da barkwanci, kuma gaskiya shekarun farko ban ga komai a wurinsa ba sai alheri. Muna da 'ya'ya mata biyu ya ci lotirin biza na Amurka, a lokacin da 'yan Najeriya ke da damar shiga, kafin a cire mu daga tsarin. A 2009 muka sauka New York. 'Yan unguwarmu sun raka mu tasha ana ta barka, ana cewa kakarmu ta yanke saƙa.

Shi ya kama tuƙin tasi, ni kuma matan da na tarar, yawancinsu Hausawan zangon Gana da 'yan Nijar, suka nuna mini hanyar aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Horo ne na 'yan makonni, a ba ki takarda, sai a tura ki gidan tsoho ko tsohuwa. Ki yi mata wanka, ki canza mata kunzugu, ki dafa abin da likita ya yarda ta ci, ki juya ta a kan gado don kada bayanta ya yi gyambo, ki tuna mata magani. Aikin nan shi ya riƙe ni har yau, ba na raina shi.

A 2012 na haifi namiji, autana. Kafin nan maigidan ya riga ya fara sayen katin cacar nan da ake kankarewa da kwabo a shagunan lungu. Na ɗauka wasa ne. Daga kati ya koma gidajen caca na bayan gari, daga nan giya ta shigo, wai don ya samu barci idan an cinye shi. Kuɗin tasi ya daina isowa gida. Wata rana na buɗe akwati neman wani abu, na tarar sarƙa da 'yan kunnen zinarin da aka saka mini a lefe babu su. Takardar mai gida ta zo cewa ana bin mu hayar watanni. Da na yi magana, hannu ya fara shigowa. Manya sun zauna da mu, an yi nasiha, an ce in yi haƙuri, ni ma na yi iyakar yina. A hunturun 2014, daren da ya ɗaga hannu a kan babbar 'yata don ta shiga tsakani, na kwashi yaran da jaka ɗaya muka fita. Mun zauna a gidan mafakar mata na wani lokaci, malam ya shiga maganar, aka raba auren.

Daga mafaka na kama ɗaki guda a gidan wata baiwar Allah 'yar Kumasi. Gado ɗaya ne, don haka a karkace muke kwanciya mu huɗu, ƙafafuna suna lilo a waje. Aikin da ya fi kuɗi na dare ne, kwana a gidan tsohuwa. 'Yan matan suna makaranta da rana, da dare mai gidan tana leƙa su. Autan ne matsalar. Gidajen reno ba sa aiki da dare, mai gidan ma aikin dare take yi rabin mako, kuma a ƙasar nan idan maƙwabci ya kai rahoto cewa kin bar ƙaramin yaro a hannun 'yar shekara 10, hukumar kula da yara tana iya zuwa ta kwashe miki su duka. Wannan tsoron ya fi yunwa hana ni barci.

Inna ce ta yanke maganar a waya. Ta ce, "Ke 'yar nan, aiko mini shi. Ni da na raini bakwai, ɗaya ne zai gagare ni? Ki samu ki tsaya da ƙafarki, shekara guda ki zo ki ɗauki abinki." A wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne. Yaro ya tashi a hannun kaka ko goggo, wa zai ce an yi laifi? Ni kaina na yi shekaru a ɗakin kakata. A 2015, yana gab da cika shekara 3, wata mata da za ta je Kano ta yarda ta tafi da shi.

A filin jirgi ban yi kuka a gabansa ba. Na sa masa rigar sanyi ja, na saka fasfo ɗinsa da takardar izinin da na sa hannu a jakar matar, na ƙulla masa biskit a leda. Hankalinsa yana kan keken tura kaya, yana ta turawa yana dariya. Da lokaci ya yi na durƙusa na ce masa, "Tsaya wurin Anti, ina zuwa, zan sayo maka alewa." Ya ce to. Na juya na bi ta ƙofa, ban waiwaya ba, sai da na shiga jirgin ƙasa na zauna sannan ƙafafuna suka saki.

Shekara guda ta wuce, kuɗin ɗaki mai ɗan faɗi bai taru ba. Ta biyu ta shigo, sai a farkon 2017 na ji wani ƙullutu a nonona na hagu ina wanka. Aka yi hoto, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya fito sankara ce. Aka yi tiyata, aka ɗora ni a kan kemo, maganin da ake ƙara wa mutum ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Gashina ya zube, bakina ya yi miki, ko ƙanshin albasa na ji sai amai. Ban gaya wa Inna ba. Idan za mu yi kiran bidiyo sai in ɗaura ɗankwali har gira, in shafa hoda, in ce aiki ne ya rame da ni. Yaron kuwa ya fara gudun wayar. Inna tana ce masa zo ga Ummanka, shi kuwa ya leƙo ya koma wurin awaki.

Duk wannan maganin, Medicaid ce ta biya, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi. Wata rana takardar lissafin asibiti ta zo, na ga kuɗin da aka biya a kaina, na san ko shekara nawa zan yi ina wankan tsofaffi ba zan tara shi ba. Kuma daidai lokacin ne rigimar inshora ta kaure a Washington. Dokar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ita ta faɗaɗa Medicaid ta kuma hana kamfanonin inshora ƙin karɓar mutum don yana da tsohon ciwo. 'Yan jam'iyyar Republican sun yi alkawarin soke ta. A watan Mayun 2017 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurinsu, kuma ofishin lissafin kasafi na majalisa ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 23 za su ƙaru a kan marasa inshora nan da 2026, a kuma zaftare wa Medicaid fiye da dala biliyan 800 cikin shekara 10. A ɗakin da muke zama ana ƙara mana magani, ba a hirar komai sai wannan. Baƙaƙe, 'yan Sifaniyanci, Turawa, kowa da robar ruwa a hannu, kowa yana tambayar na kusa da shi ko za a yanke mana magani a tsakiya.

Daren Alhamis 27 ga Yuli aka kai maganar ƙarshe a Majalisar Dattawa. Akwai wata ƙwaya da ake ba mu tare da kemo mai hana barci, don haka idona biyu. Babbar 'yata, tana da shekara 13 a lokacin, ta zauna kusa da ni da waya tana fassara mini inda Turancin ya yi mini nauyi. Sai aka ba wata tsohuwa 'yar siririya, mai kama da mutanen Asiya, damar magana. 'Yata ta ce sunanta Mazie Hirono, 'yar jam'iyyar Democrat daga jihar Hawai, kuma ita ma sankara gare ta. A watan Mayu aka gano tana da ciwon a ƙoda, mataki na 4, har ya taɓa haƙarƙari. An cire mata ƙoda ɗaya, a watan Yuni aka sake yanke wani ɓangaren haƙarƙarin, ga ta a tsaye a watan Yuli.

Ba ta yi maganar 'yan boko ba. Ta ce tana da 'yar'uwa da ciwon huhu ya kashe tana 'yar ƙarama a Japan, a gida ta mutu, ba a asibitin da wataƙila da an ceci ranta ba. Ta ce ta tashi ba su da inshora, babban tsoronta tana yarinya shi ne kada mahaifiyarta ta kwanta ciwo, domin in ta kwanta babu abinci. Muryarta ta karye. Sai ta juya ga abokan aikinta ta ce lokacin da aka gano ciwonta, har 'yan ɗaya jam'iyyar sun aiko mata da saƙon jaje da kulawa, to ina tausayin nan yake a daren yau? Ta bugi teburi da hannu. Na dubi 'yata, na ga hawaye a fuskarta, sai a lokacin na gane tsoron da matar ta ambata shi ne yarinyar take ɗauke da shi tun ranar da aka yi mini tiyata, ba ta taɓa faɗa ba.

Can wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare aka kaɗa ƙuri'a. Ƙudurin ya faɗi, 49 da 51. 'Yan Republican uku ne suka ƙi bin jam'iyyarsu: Susan Collins, Lisa Murkowski, da John McCain, wanda shi ma a watan aka gano masa sankarar ƙwaƙwalwa. Duniya ta fi tuna McCain da yatsan da ya juya ƙasa, kuma ya cancanta. Ni dai matar nan ce ta tsaya mini a rai, har na ce wa 'yata ta nemo mini ko wace ce.

Ta karanta mini. An haife ta ranar 3 ga Nuwamba 1947 a yankin Fukushima na Japan, shekara 2 bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifinta likitan dabbobi ne, amma giya da caca sun cinye shi, har kayan gida yake ɗauka ya sayar. Mahaifiyarta haihuwar Hawai ce, domin kakan Mazie ya je can aikin gonar rake yana saurayi, daga baya iyalin suka koma Japan kafin yaƙi. Da zaman ya gagara, matar ta kwashe 'ya'yanta ta koma gonar iyayenta. A 1955 ta shiga jirgin ruwa da Mazie da yayanta, a ɗakin ƙasa na masu tikiti mai arha, da akwati ɗaya, suka nufi Honolulu. Suka kama ɗaki guda, gado ɗaya, suna kwanciya a karkace. Uwar tana aikin jera haruffa a wata jaridar Japananci da rana, da dare ta tafi aikin abincin biki. Ƙaramin ɗanta kuwa, ɗan shekara 3, ta bar shi a Japan wurin kakanni, saboda babu mai riƙe shi idan ta tafi aiki. Sai bayan shekara 2 ya biyo su tare da kakannin.

Nan 'yata ta tsaya da karatu. Ta ce, "Umma, kin ji?" Na ce na ji. Ta ce, "Su shekara biyu suka yi. Mu ma yanzu biyu ke nan." Ban ba ta amsa ba, amma a daren na ƙudurta cewa in Allah ya tashe ni, ba zan jira sai na samu ɗaki biyu ko na biya bashi ba. Kafin nan ina ta ɗaga ranar, kullum da dalili mai kyau, har na fara gaya wa kaina ai gara ya yi firamare a gida ya samu Alƙur'ani da tarbiyya. Akwai wani tunani kuma da ban taɓa furtawa ba sai yanzu: idan ciwon nan ajalina ne, gara yaron ya zauna inda ya saba, kada ya zo ya san ni sannan ya rasa ni. Ganin tsohuwa 'yar shekara 69, da ƙoda ɗaya da ɗinki a ƙirji, tana shirin aikin gobe, shi ya sa na ji kunyar shirin mutuwar da nake yi a ɓoye.

Na gama kemo, aka yi gashi, wato ƙona wurin ciwon da hasken na'ura, likita ta ce babu alamar ciwon. Sai lokacin na gaya wa Inna gaskiya. Ta yi kuka, ta yi mini faɗan da ban taɓa ji ba tun ina budurwa. Matan adashinmu suka ba ni kwasar farko ba layina ba, na sayi tikiti, a damunar 2018 na tafi Zariya.

Yaron da na tarar ɗan shekara 6 ne, lafiyayye, baki cike da Hausar Zazzau, yana zuwa makarantar allo. Inna ta riƙe shi fiye da yadda zan iya. Da na shiga gida ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Sannu da zuwa, Anti." Inna ta ce, "Kai, Ummanka ce." Ya dube ta, ya ɓuya a bayan zanenta. Ranar tafiya sai da aka ɓamɓare hannunsa daga jikinta. A nan na fahimci rabuwa biyu na yi masa: na raba shi da ni yana 3, na raba shi da Inna yana 6.

A New York abin ya fito fili. Fitsarin kwance ya dawo. A makaranta ba ya magana, an ɗauka rashin Turanci ne, amma da Turancin ya zauna shirun bai tafi ba. Yana ɓoye burodi a ƙarƙashin matashi. Abin da ya fi ci mini rai, duk lokacin da na ɗauki jaka na ce ina zuwa, sai ya ƙanƙame ƙofa yana ihu har maƙwabta su leƙo. Mutanenmu suka ce sangarta ce irin ta goyon kaka, wasu suka ce a yi masa rubutu. An yi rubutun, an yi addu'a, ban raina ba. Na bar aikin dare na koma na rana duk da kuɗin ya ragu.

A shekarun nan na ci gaba da bin labarin Hirono, yadda mutum ke bin labarin 'yar garinsu. Na san ta zama 'yar ƙasa a 1959, shekarar da Hawai ta zama jiha ta 50. Ta shigo ba ta jin Turanci, ta yi digiri a Jami'ar Hawai a 1970, ta karanta lauya a Georgetown ta gama a 1978. A 1980 aka zaɓe ta majalisar dokokin jiha, ta yi shekara 14, sannan ta yi mataimakiyar gwamna daga 1994 zuwa 2002. Ta nemi gwamna a 2002, Linda Lingle ta kayar da ita. Ta yi shekara 4 ba ta riƙe da komai, ta dawo a 2006 ta tsallake zaɓen fid da gwani da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu ba, ta tafi Majalisar Wakilai. A 2012 ta sake haɗuwa da Lingle ɗin a takarar sanata, ta cinye da fiye da kashi 60 cikin 100. Ita ce mace ta farko 'yar asalin Asiya a Majalisar Dattawan Amurka, ta farko da aka haifa a Japan, kuma ta farko mai bin addinin Buda. 'Yan jarida sun fi son jera waɗannan. Ni abin da ya fi burge ni shi ne faɗuwar 2002, tana da shekara 55, shekarun da a wurinmu za a ce mace ta koma gefe ta yi jikoki, da kuma yadda ta riƙe mahaifiyarta har tsohuwar ta rasu a 2021 tana da shekara 96.

An ce shekaru da yawa an san ta da kawaici, mai aiki a bayan fage, sai da tsufa da ciwo suka zo bakinta ya buɗe. A 2018, lokacin tantance alƙali Brett Kavanaugh domin Kotun Ƙoli, wanda wata mata ta zarga da cin zarafinta ta hanyar lalata, ta fito ta ce wa mazan ƙasar su yi shiru su tashi su yi abin da ya dace. Tun shekarar kuma duk wanda aka kawo gabanta don tantancewa, sai ta tambaye shi ko ya taɓa cin zarafin wani ta hanyar lalata tun da ya balaga, ko an taɓa hukunta shi ko ya yi sulhu a kan haka. Wasu na ganin rashin kunya ne. Ni da na zauna a gaban manya ana ce mini in yi haƙuri, ba wanda ya juya ya yi wa mijin tambaya ɗaya, ban ga rashin kunya ba. Ba kuma duk abin da take goyon baya nake goyon baya ba. Akwai matsayinta a kan zubar da ciki da wasu al'amuran aure da ni Musulma ba zan bi ta ba, kuma ba na ɓoye wa 'ya'yana hakan. Amma a kan maganin talaka da haɗa iyali, inda ta tsaya nan na tsaya. Tun a 2013, da ake muhawarar gyaran dokar shige da fice, ta yi ta jan hankali cewa tsarin da ke auna mutum da digiri da aikin ofis zai bar mata a baya, mata irin mahaifiyarta. Ƙudurin ya wuce Majalisar Dattawa, ya mutu a ta Wakilai.

Na karɓi takardar zama 'yar ƙasa a 2019, abu na farko da na yi shi ne cike wa Inna takardun zuwa, domin mahaifina ya rasu, kuma yaron kullum ita yake tambaya. A ƙarshen Janairun 2020 aka saka Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar ƙaura, ga korona ta biyo baya ta rufe komai. An ɗage dakatarwar a Janairun 2021, amma layin ya riga ya yi tsawo.

A 2021 ɗin Hirono ta fitar da littafin tarihin rayuwarta, 'yata ta aro shi a laburare. A nan muka ji ƙarshen labarin ƙanen nata. Ta ce bai taɓa warkewa daga rabuwar nan ba. Ya sha wahala a makaranta, ya tashi da wani rauni da ba a gani, ya kuma mutu yana saurayi a 1978, ruwa ya ci shi. Kakanni masu ƙaunarsa ne suka riƙe shi, ba a hannun baƙi aka bar shi ba, shekara 2 kacal, amma abin ya bi shi har ƙarshe. Ta danganta wannan da yadda ta tsaya kai da fata a kan raba yara da iyayensu da aka yi a iyakar Meziko a 2018.

Na yi kwanaki ba na cin abinci sosai. Daga nan na je makarantar yaron na nemi ganin mai ba da shawara, abin da a da nake ganin na Turawa ne. Aka haɗa mu da likitar halayyar yara. Abin da ta koya mini ba shi da wuya, sai dai yana son naci. Kada in fita a ɓoye ko yana barci ba tare da ya sani tun da wuri ba. In gaya masa inda za ni da ƙarfe nawa zan dawo, in nuna masa a agogo, in kuma dawo a lokacin, in jirgi ya makara in kira. Kada a ce masa ya manta da Zariya, a bar hoton Inna a inda yake gani, ya kira ta duk ranar da ya so. Ta kuma ce in ba shi labarin ranar filin jirgi da bakina, da dalilin da ya sa. Na ba shi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi bai tuna alewar ba, rigar ja kawai yake tunawa.

Masu tambayata ko su aika yaro gida, ba na ce musu a'a kai tsaye, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma na san daren da babu wata ƙofa sai wannan. Abin da nake cewa shi ne a fara bin duk wata hanya: tallafin reno na gwamnati da da yawa cikinmu ba mu san muna da haƙƙinsa ba, canza aiki zuwa na rana, haɗa kai da wata uwar ku riƙa karɓa-karɓa. In ya zama dole, a gaya wa yaro gaskiya ko bai gane duka ba, a sa ranar dawowa a riƙe ta, a kuma sani cewa ranar ɗauko shi ma rabuwa ce, kakar da ta raine shi uwa ce a wurinsa.

Inna ta iso a 2023. Sanyi ya dame ta, tana cewa garin nan kowa a guje yake, ba mai amsa sallama. Amma tun makon da ta zo fitsarin kwance ya tsaya. Yanzu yaron yana da shekara 13, yana buga ƙwallo, malamansa sun ce yana ɗaga hannu a aji. Har yanzu in na makara minti goma sai wayata ta yi ƙara. Babbar 'yata tana karatun jinyar da ban samu yi ba. Ni kuma ina zuwa gwaji a kan kari, kawo yanzu lafiya lau, alhamdu lillahi.

Hirono ta sake cin zaɓe a 2024, karo na uku, tana da shekara 77. Rigimar da na ɗauka ta ƙare a daren 2017 ta dawo a 2025: ranar 1 ga Yuli Majalisar Dattawa ta yi kunnen doki 50 da 50 a kan babban ƙudurin haraji da ya zaftare kuɗin Medicaid, mataimakin shugaban ƙasa ya raba gardama, aka sa hannu ranar 4 ga wata. Ta ƙi amincewa, amma wannan karon ɓangarenta ne ya sha kaye. Ni yanzu inshorata ta wurin aiki take, sai dai yawancin matan adashinmu a kan Medicaid suke. Sabuwar dokar ta ce daga 2027 manya da yawa sai sun nuna shaidar aikin awa 80 a wata, kuma za a riƙa sake tantance su duk wata 6. Aikinmu kuwa awanninsa hawa da sauka suke: tsohuwarki ta shiga asibiti ko ta rasu, sai ki yi makonni ba a ba ki wata ba. Don haka a zaman adashin da ya wuce na je da fayil-fayil na roba na raba wa kowa, na ce duk takardar albashi a jefa a ciki, kuma 'yata ta yarda za ta riƙa zuwa ranar Lahadin ƙarshen wata tana taya masu ƙarancin Turanci cike fom.